Gigin Tsufa a Garwa: Daga Tsakar Gida Zuwa Na'urar Zamani

A shekarar 1906, lokacin da Garwa ke ƙarƙashin mulkin Jamusawa, likita Alois Alzheimer ya gabatar wa takwarorinsa a Jamus bayanin wata mata da tunaninta ya yi ta gushewa har ta rasu, ya kuma danganta hakan da lalacewar ƙwaƙwalwa. Sai a shekarun 1970 likitoci suka amince cewa yawancin abin da Bahaushe ke kira gigin tsufa wannan cutar ce.

A Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru, gida ne ya ɗauki nauyin irin wannan tsoho tun kafin zuwan asibiti. Kiran salla yana raba masa yini gida biyar. Tsohuwa tana zaune a tabarmarta tana ɓarar gyaɗa ko kaɗin auduga, jikoki na kewaye da ita. Idan tsoho ya fita ya kasa gane hanya, maƙwabci ya riƙo hannunsa ya dawo da shi.

Wannan tsari ya yi kama da fannin jinyar da aka kafa wa ƙungiya a Amurka a 1917, wato kula da majiyyaci ta hanyar ayyukansa na yau da kullum. Aikin da hannu ya saba yakan daɗe bayan sunaye da ranaku sun ɓace, don haka hana tsoho aikinsa na ƙara masa ruɗewa.

Sai dai Garwa ta sauya. Bayan samun 'yancin kai a 1960, a zamanin Ahmadu Ahijo wanda ɗan garin ne, ta bunƙasa, musamman da kafa kamfanin auduga na SODECOTON a 1974. Unguwanni suka cika da baƙi, 'ya'ya suka tafi Yawunde da Duwala neman abinci. Tsohon da ya ɓace a yau yana iya faɗawa titi mai cike da babura, ko ya nufi bakin kogin Binuwai ba wanda ya san shi.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin kayan tallafi guda 50 da ta ba fifiko. Cikinsu akwai akwatin rarraba magani, da waya mai sauƙin sarrafawa, da na'urar gano inda mutum yake. Kowanne yana cike gurbin wani aiki ne da jika ko maƙwabci ke yi a da.

Amma waya tana buƙatar caji, akwatin magani yana buƙatar mai zuba masa ƙwayoyi. Ƙalubalen da ke gaban ɗaliban likitanci na Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, shi ne haɗa waɗannan kayayyaki da tsarin gidan da aka gada, ta yadda tsohuwa za ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta cikin aminci.