Ƙona iskar gas a harkar man fetur: abin da doka ta ce a Nijar

Idan aka haƙo ɗanyen mai, yakan fito tare da iskar gas. Kamfanin da bai tanadi hanyar tara ta ko sayar da ita ba sai ya kunna mata wuta a bakin wani dogon bututu. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gas ɗin da aka ƙona haka a duniya a 2023 ya kai kubik mita biliyan 148. Wutar na fitar da baƙin hayaƙi mai cutar da huhu, abin da bai ƙone ba kuma ya tashi sama ya ƙara ɗumamar yanayi.

Nijar ta fara haƙar mai a 2011 a Agadem, jihar Diffa, inda kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke aiki. Bututu ne ke kai man matatar SORAZ da ke arewacin Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana. A 2024 aka soma fitar da shi waje ta bututun da ya isa gaɓar tekun Benin. Yawan haƙa, yawan gas ɗin da za a nema wa makoma.

Dokar man fetur ta 2017 ce ke tafiyar da harkar. Wata doka ta 2018 ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka a kan muhalli da sauraron jama'ar da abin ya shafa, ƙarƙashin kulawar hukumar BNEE. Matsalar ita ce rahotannin da Faransanci ake rubuta su, cike da alƙaluman da manomi ba zai iya musantawa ba. Zaman da ba a fassara ma'aunin hayaƙi da Hausa ko Barbarci ba, sunansa kawai sauraro.

A Najeriya an sa 1984 a matsayin wa'adin daina ƙonawa, amma har yau wuta na ci a yankin Neja Delta, duk da tarar dala 2 kan kowace kubik ƙafa 1,000 da aka ɗora wa manyan kamfanoni a 2018.

Babu rijiyar mai a Magariya ko Dungas, amma batun ya shafe su. Yanki ne mai cunkoson jama'a, akasarin gidaje da itace da kara suke girki, daji kuwa sai ƙarewa yake. Daga gas ɗin da ke ƙonewa a banza ana iya samar da lantarki, a kuma tace na tukunyar girki.