Kogin da Kwamfuta ke Nema a Imanan

A taswira, kwarin da yankin Imanan yake ciki sunansa Dallol Boso. Dallol kalmar Fulatanci ce, kwari ke nan. Zabarmawan kudu suna ce masa Boboi. Can arewa, inda ya faro, Buzaye suna kiransa Azawak. Bakurfe a Filinge kuwa kwari ya sani. Babu ko ɗaya da ya ce kogi, kuma duk sun yi gaskiya: tsohuwar hanyar ruwa ce da ta nufi kogin Kwara wajen Bumba, yashi ya binne ta tun zamanin da ba wanda ya gani.

Masu lissafin ruwa da kwamfuta fa? Bafaranshe yana cewa bassin versant, wato kwanon da gefensa ke zubo ruwa wuri guda. Watershed ta Ingilishi ta fi rikici: a Ingila doron tudun da ke raba ruwa biyu ne, a Amurka kuma kwarin ne gaba ɗayansa. Mu aka ba mu "magudanar ruwa", wadda a kunnen ɗan birni kwata ce kawai. Ni dai na fi son "matattarar ruwa", ga dalili.

A Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya auna tudu da gangaren duniya da na'urar rada, aka yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kusan mita 30. Manhaja tana bin gidajen, tana tura ruwan kowanne zuwa mafi ƙasa cikin maƙwabtansa takwas. In ta tarar da gidan da ba mafita, sai ta ɗauka kuskuren awo ne, ta cike shi. To, a Imanan wannan "kuskuren" sunansa tafki. Zabarmawa su ce bangu, Faransawa su ce mare. Ruwan da ya gangaro daga duwatsu ta kori (kunnen Bahaushe kwari yake ji a kalmar nan) can yake tsayawa, rana ta sha rabonta, ƙasa ta shanye saura. In manhaja ta cike tafkuna, sai ga kogi a allo yana ratsa garin Bonkuku na Imanan, inda a zahiri lambunan dankalin turawa ne ke shan ruwan rijiya mara zurfi.

Sai kalmar da ta fi burge ni. Daidaita lissafi da abin da aka auna a fili, Faransawa suna ce masa calage, daga cale, waigin da yaron mota ke cusawa ƙarƙashin taya. A wasu ƙasashe waigin nan ma'aunin kogi ne. A nan sanda ce mai lamba da ake kafawa cikin tafki, a riƙa karanta ta bayan kowane ruwan sama. Haka aka yi a Wankama, gabas da Yamai, tun binciken HAPEX-Sahel na 1992. A yankin ne aka gano ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hauhawa duk da farin shekarun 1970 da 1980: an sare daji, ƙasa ta ƙeƙashe, ruwa ya ƙara kwarara zuwa tafkuna.

Ita ma ƙasa iri-iri ce: jigawa tana shanye ruwa, gangani, ƙasar nan mai ɓawo ta Zabarmawa, tana korewa, fadama tana riƙewa. Mai zana taswirar ruwan Imanan ya fara tambayar manoma sunan kowace ƙasa kafin ya bar manhaja ta cike masa rami ko ɗaya.