Lissafin da ya fara daga 1 ga Janairu, 1970

 

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin waya ko kwamfuta ta rikice, saƙo ko hoto ya fito ɗauke da kwanan wata 1 ga Janairu, 1970, mu yi dariya mu ce na'urar ta haukace. Ranar nan tana da tarihi, kuma shi za mu bibiya yau.

Idan muka buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni a Linux ko macOS, muka rubuta date +%s, za ta ba mu lamba mai tsawon harufa goma. Masu rubuta jerin umarnin da kwamfuta ke bi ita kaɗai suna yawan amfani da ita: su liƙa ta a sunan fayil don kada sunaye su yi karo, ko su ɗauke ta a farkon aiki da ƙarshensa, su debe, su san tsawon lokacin da aikin ya ci. Lambar ita ce adadin sakan da suka shuɗe tun daga ƙarfe 12 na daren da ya shigo da Alhamis, 1 ga Janairu, 1970, a agogon duniya na UTC, wato ƙarfe 1 na dare a agogon Najeriya da Nijar. Duk na'urar da lissafinta ya goge ya koma sifili, ranar nan za ta nuna mana.

To me ya sa 1970? A shekarar 1969, a ɗakin bincike na Bell Labs da ke jihar New Jersey ta Amurka, Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara gina manhajar sarrafa kwamfuta da aka sa wa suna Unix. Dole manhajar ta san lokaci, kuma na'ura ba ta da hanya mafi sauƙi irin ta ƙirga lamba ɗaya tana hawa. Wata mai kwana 30, wata mai 31, Fabrairu mai sauyawa, bambancin agogo tsakanin ƙasashe, duk an bar su sai lokacin da za a nuna wa mutum.

Littafin jagoran Unix na farko, wanda ya fito a Nuwamban 1971, ya nuna cewa da farko daga 1 ga Janairu, 1971 ake ƙirgawa, kuma ana raba kowane sakan gida 60. Ma'ajiyar lambar gurbi 32 gare ta, kowane gurbi 0 ko 1. Da irin wannan gudu, cikin shekara biyu da 'yan watanni za ta cika ta tumbatsa. Sai suka rage gudun zuwa ƙirga ɗaya a kowane sakan, aka kuma tsayar da mafari a farkon 1970, shekara mai cikakkiyar lamba da ke kusa da su. Babu wani babban al'amari da ya faru a daren. Sauƙin aiki kawai aka duba.

Daga nan tsarin ya bi Unix da harshen C ya bazu, ya shiga Linux, ya shiga Android, ya shiga yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet. A ranar 9 ga Satumba, 2001, lissafin ya kai 1,000,000,000. Yana kuma ɗaukar kowace rana a matsayin sakan 86,400 cif, ba ya lissafa ƙarin sakan da masu kula da agogon duniya suka yi ta sakawa tun 1972 don daidaita agogo da juyawar ƙasa, har sau 27, na ƙarshe a ƙarshen 2016.

Sai dai ramin da suka tsallake yana nan a gaba. A tsarin gurbi 32, ana ware gurbi ɗaya don nuna ko lambar tana gaban 1970 ne ko bayanta, saura 31. Iyakar abin da za su ɗauka shi ne 2,147,483,647, kimanin shekara 68. Za a kai wannan lamba ranar Talata, 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 3:14:07 na UTC, wato 4:14:07 na asuba a nan wajenmu. Sakan ɗaya bayan haka, na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka tana cikin 13 ga Disamba, 1901. Maganin shi ne gurbi 64, wanda zai ɗauki kusan shekara biliyan 292, kuma yawancin sababbin wayoyi da kwamfutoci sun riga sun koma kansa. Fargabar tana kan tsofaffin ƙananan na'urori da ke cikin injina da kayan masana'antu, waɗanda ake dasawa a manta da su shekaru da dama.

Ina ruwan marubuci da wannan? Idan 2038 ta ƙarato, labarin zai cika gidajen rediyo da shafukan sada zumunta, kamar yadda aka yi da fargabar shekarar 2000, kuma jita-jita za ta riga bayani isowa. Mai karanta Hausa zai buƙaci wanda zai zaunar da shi ya ce masa: ga inda lissafin ya faro, ga dalilin cikarsa, ga na'urorin da abin ya shafa, ga waɗanda bai shafa ba. Aikin nan namu ne, kuma ba zai yiwu ba sai mun san tushen abin, mun kuma samo kalmomin da mutanenmu za su gane.

Aikinmu na wannan mako ke nan: kowa ya rubuta sakin layi ɗaya da zai yi wa kakarsa bayanin matsalar 2038, ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba. Mu ajiye shi a ƙasa, mu gyara wa juna. Allah ya ƙara mana basira.