Lacca da kiɗa a zaurukan manyan makarantu: Daga Bagauda zuwa Kofa

A watan Yulin shekara ta 2016 ne gwamnatin tarayyar Nijeriya ta janye shirinta na gina wata katafariyar cibiyar fina-finai a garin Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano, bayan da malaman addini da dama suka yi ca a kan shirin. Daga cikin gine-ginen da aka tsara har da zauren koyarwa mai cin mutum 400.

Taƙaddamar ta sake tayar da wata tsohuwar tambaya a arewacin ƙasar, wato a ina ne, kuma bisa waɗanne sharuɗɗa, makaɗi ko ɗan wasa zai tsaya gaban jama'a ba tare da an yi masa kallon hadarin kaji ba. A cikin shekaru hamsin da suka gabata, wurin da ya fi ɗorewa wajen haɗa malami da makaɗi a inuwa ɗaya shi ne zauren taro na babbar makaranta.

Matsayin makaɗi a al'ada

Kafin zuwan makarantun boko, kowane irin kiɗa a ƙasar Hausa yana da muhallinsa. Masu tambari da kakaki da algaita da taushi suna ƙofar fada. Makaɗan noma suna bin manoma gona ranar gayya, masu kalangu suna tare da mahauta, makaɗan maza kuma suna filin dambe ko kokawa. 'Yan mata suna da dandali, matan aure kuma suna da kiɗan ƙwarya a cikin gida lokacin biki.

A duk waɗannan wurare ba a sayen tikiti. Makaɗi yana rayuwa ne da kyautar wanda ya wasa, kuma saboda haka aka jingina sana'ar da roƙo, aka ajiye mai yin ta a ƙasa-ƙasa cikin jerin masu daraja, komai shahararsa.

Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun yi rubuce-rubuce a kan hukuncin kiɗa. Sun yarda da buga ganga don yaƙi ko tara jama'a, da kuma kiɗan bayyana aure, amma sun yi kakkausar suka ga kiɗan shagala da cuɗanyar maza da mata. A ɗaya ɓangaren kuma rubutacciyar waƙa, wadda ake rerawa ba tare da kayan kiɗa ba, ta samu karɓuwa a zaurukan malamai, tun daga zamanin Nana Asma'u har zuwa na Sa'adu Zungur da Aliyu Namangi. Wannan rabe-rabe tsakanin waƙar ilimi da kiɗan roƙo shi ne jami'o'i suka tarar.

Jami'a ta buɗe ƙofa

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekara ta 1962. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano tana ƙarƙashinta har zuwa lokacin da ta tsaya da ƙafafunta, ta zama Jami'ar Bayero a shekara ta 1977. A Kano ɗin ne aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, wadda ta yi aikin tattara waƙoƙi da tatsuniyoyi da ɗaukar muryoyin mawaƙa.

Ƙungiyoyin Hausa na ɗalibai su ma sun fito da Makon Hausa, inda akan shafe kwanaki ana gabatar da laccoci da muhawarori da wasannin kwaikwayo, kana a gayyato makaɗa su yi wasa. Tsarin irin wannan taro ya bambanta da na gidan biki. Malami yakan fara gabatar da takarda a kan salo ko jigo ko tarihin wani kiɗa. Daga nan makaɗi ya hau dandamali da 'yan amshinsa, jama'a suna zaune a kujeru, an kuma ƙayyade masa lokaci. Sau da yawa akan yi masa tambayoyi a kan wanda ya koya masa sana'ar da yadda yake ƙulla waƙa, a ɗauki bayanin a kaset domin masu nazari.

Da haka makaɗi ya tashi daga mai neman kyauta ya koma mai ilimin da ake neman ji daga bakinsa. A shekara ta 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga bisani ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka da nazari a kan Mamman Shata. A shekara ta 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta bai wa Shata digirin girmamawa, kamar yadda Jami'ar Jos ta bai wa Ɗan Maraya Jos. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara tarihin makaɗa masu yawa a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa.

Ta fuskar gini, misalin da ya fi fice shi ne gidan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda aka gina a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Michael Etherton ke jagorantar koyar da wasan kwaikwayo a can. Wani Ba'amurke masanin zanen gine-gine, Steven Ehrlich, shi ya tsara shi da ginin ƙasa, da ɗakuna masu jinka kewaye da fili, tamkar tsakar gidan Bahaushe. Daga wannan dandali ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka irin su Bomo da Maska suna shirya wasanni tare da manoma a kan matsalolin da suka dame su.

A birnin Kano kuwa, Gidan Mambayya da ke Gwammaja, wato gidan marigayi Malam Aminu Kano, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Babban zaurensa yana ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, kuma a can ake gabatar da laccar tunawa da Malam Aminu, wanda ya rasu ranar 17 ga watan Afrilun 1983.

Kudancin Kano

Ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna kan hanyoyin da suka haɗa Kano da Zariya da kuma Jos, wato garuruwa uku masu jami'o'in da suka yi suna a wannan fage. Hanyar Zariya ta ratsa ta Kwanar Dangora, ta Jos kuma ta bi ta Tudun Wada da dajin Falgore. Yanki ne na manoma, wanda ya dogara ƙwarai da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo.

Gwamnatin Audu Baƙo ta kuma gina wuraren saukar baƙi guda biyu a yankin, wato otal ɗin Rock Castle a Tiga da otal ɗin tafkin Bagauda. Na Bagauda ya zama matattarar manyan tarukan ƙara wa juna sani a shekarun 1970 da 1980, saboda yana nesa da hayaniyar birni.

A can ne kwamitin shirya wa Nijeriya shiga bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, ya yi wani zama a ƙarƙashin Manjo Janar I.B.M. Haruna. Mawaƙin nan Fela Kuti, wanda ke cikin mahalarta, ya gabatar da wasu shawarwari, da aka ƙi karɓarsu sai ya fice daga kwamitin. Da bikin ya zo a watannin Janairu da Fabrairun 1977, sai ya riƙa yin nasa wasan a gidan rawarsa da ke Legas. Shi kansa bikin, wanda ƙasashe fiye da 50 suka halarta, an gina shi ne a kan abubuwa biyu, taron masana da ke gabatar da takardu da kuma wasannin kiɗa da rawa, ga kuma hawan daba da aka yi a Kaduna.

Daga baya an mayar da otal ɗin Bagauda reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, inda ɗalibai daga sassan ƙasar ke ɗaukar darasi kafin a rantsar da su. A Tudun Wada kuma gwamnatin jiha ta kafa kwalejin share fagen shiga jami'a. Ke nan yankin ya saba da zauren lacca. Abin da bai zauna da gindinsa ba shi ne haɗa laccar da wasa.

Shari'a da tacewa

Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekara ta 2000, kuma a shekarar da ta biyo baya aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i. Daga shekara ta 2007, a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, hukumar ta tsaurara matakai, ta buƙaci 'yan wasa da mawaƙa da marubuta su yi rajista da ita.

Duk da haka wasannin da aka lulluɓe da rigar ilimi sun ci gaba. A cikin shekarun 2000 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya shirya wasanni a dandalin British Council da ke kan titin gidan Sarki, inda ya haɗa makaɗan gargajiya, ciki har da Hajiya Barmani Choge mai kiɗan amada, da matasa masu waƙoƙin zamani. Amma a watan Fabrairun 2010 hukumar tacewa ta dakatar da wani bikin kiɗa na kwana uku da aka shirya a cibiyar al'adun Faransa ta Alliance Française a Kano.

Shirin Kofa

Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, mai hedkwata a Jos, ita ce aka ɗora wa aikin Kofa. An ƙiyasta zai ci naira miliyan dubu 3 a kan fili mai faɗin hekta 20. Baya ga zauren koyarwa, an tsara gina cibiyar ɗaukar hoto, da ɗakin ɗaukar sauti, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da otal, da kantuna, da filin wasa, da ƙaramin asibiti. Kofa ita ce mahaifar Abdulmumin Jibrin, ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Kiru da Bebeji, wanda a farkon shekara ta 2016 yake shugabantar kwamitin kasafin kuɗi na majalisar.

Masu adawa da shirin, ciki har da Sheikh Abdallah Usman Gadon Ƙaya, sun yi amfani da mumbarin Juma'a da gidajen rediyo da shafukan Facebook. Hujjarsu ita ce wurin zai zama matattarar baɗala da cuɗanyar maza da mata, zai kuma jawo baƙin al'adu cikin ƙauyuka. Wasu kuma sun ce noman rani da asibitoci da makarantu sun fi cancantar kuɗin.

Masu goyon baya, musamman 'yan masana'antar Kannywood, sun ce cibiyar makaranta ce da za ta koyar da sana'a, ta samar wa matasa aiki, ta kuma sauƙaƙa sa ido a kan abin da ake shiryawa tunda yana wuri guda. Abdulrahman Kawu Sumaila, mai bai wa Shugaba Muhammadu Buhari shawara kan harkokin majalisar wakilai a lokacin, shi ne ya bayyana cewa an janye shirin saboda ƙorafin jama'a.

Idan aka kwatanta shi da zaurukan Zariya da Kano, bambancin a fili yake. Su waɗancan sun tsiro ne a cikin makarantun da jama'a suka riga suka amince da su, a hannun malaman da aka sani, kuma wasa ya shigo ne a matsayin abin nazari. Shirin Kofa kuwa ya iso kunnen jama'a ne da sunan fim da otal, a daidai lokacin da ake zargin masana'antar da gurɓata tarbiyya, sai batun koyarwar ya ɓace a cikin hayaniya.

Misalin Nijar

A Jamhuriyar Nijar an bi wata hanya dabam. A ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a birnin Yamai, wadda ta haɗa azuzuwa da ɗakin ajiye kayan kiɗan gargajiya da dandalin wasa. Marigayi Malam Maman Barka, wanda ya koyi kaɗa biram a wajen masuntan Buduma na tafkin Chadi domin kada kiɗan ya ɓace, yana cikin waɗanda suka yi aiki da cibiyar. Gwamnatin ƙasar ta kuma ƙirƙiro gasar kiɗa da sunan Ɗan Gurmu, fitaccen makaɗin Tawa.

Abin da ke gaba

A Nijeriya, manyan makaɗan da jami'o'i suka karrama ko suka yi nazari a kansu sun kwanta dama ɗaya bayan ɗaya. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos kuma a 2015. Mafi yawan mawaƙan da suka biyo bayansu suna aiki ne a ɗakin ɗaukar sauti da fiyano da kwamfuta, waƙoƙinsu kuma suna isa ga jama'a ta wayar salula, ba ta dandali ba. Masu kaɗa kukuma da kuntigi da gurmi da kotso, waɗanda sai an zauna gabansu ake koyon hannunsu, su ne suka fi buƙatar wurin da za a saurare su.

Jami'ar Bayero ta buɗe sashen nazarin wasan kwaikwayo, kuma a watan Janairun 2024 aka naɗa ɗan wasan Kannywood Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wato hukumar da ta so gina cibiyar Kofa. Duk wani sabon yunƙuri na kafa irin wannan zaure a kudancin Kano zai fuskanci tambayoyin da aka yi a 2016, wato wace makaranta ce za ta riƙe shi, wane ne zai tsara abin da za a nuna, yaya zaman maza da mata zai kasance, kuma shin an tuntuɓi malamai da hakimai da iyayen yara na yankin tun kafin a aza tubalin farko.