Ruwan Zafi da Makarantar Firamare: Sauyin Rayuwa a Ƙauyen La Bourboule na Ƙasar Faransa, 1870 zuwa 1900

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba yadda abubuwa biyu, watau sana'ar wankan magani da makarantar firamare ta hukuma, suka haɗu a wani ɗan ƙauye na ƙasar Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, har suka sauya rayuwar mutanensa. An zaɓi wannan ƙauye ne domin tambayar da tarihinsa yake tayarwa ta shafi duk mai aikin horar da malamai: mene ne yake sa manomi ko makiyayi ya yarda ya saki ɗansa ya tafi makaranta, tsoron doka ko kuwa ganin amfani? Za a fara da bayanin ƙauyen, sa'an nan a duba dokokin ilmi na zamanin, daga bisani a auna yadda suka yi tasiri a kan juna.

2.0 Ƙauyen Kafin Sauyi

La Bourboule tana cikin lardin Puy-de-Dôme, a yankin duwatsun Auvergne da ke tsakiyar Faransa, a bakin kogin Dordogne, kimanin mita 850 sama da teku. Har bayan tsakiyar ƙarni na 19 ba ta wuce matsayin unguwa ba a ƙarƙashin gundumar Murat-le-Quaire. Mutanen wannan yanki kiwon shanu da yin cuku ne babbar sana'arsu, suna kuma ɗan noma hatsin da yake jure sanyi da dankalin Turawa. Idan ɗumi ya shigo, wajen watan Mayu, sai a hau da shanu kan duwatsu, ba a saukowa sai wajen Oktoba, yara kuwa su ne masu taya tsaron dabbobi. Da yake ƙasar ba ta iya ci da mutanenta duka, maza da yawa na Auvergne sukan tafi cin rani birnin Faris, inda suka yi suna wajen sana'ar garuwa da sayar da gawayi. Harshen da ake yi a gida ma ba Faransanci ba ne, wani karin harshe ne na Oksitan, harshen kudancin ƙasar.

Abin da ya bambanta wannan unguwa da maƙwabtanta shi ne maɓuɓɓugar ruwan zafi, irin wadda muka sani a Wikki ta Yankari ko Tafadek ta kusa da Agadas, sai dai zafin nata ya haura digiri 55 a ma'aunin Selsiyas, alhali na Wikki bai wuce 31 da 'yan kai ba. Cikin shekarun 1820 iyalin Choussy suka mallaki ɗan gidan wankan da ke wurin. Cikin shekarun 1850 masanin kimiyyar sinadarai Thénard ya gano akwai sinadarin arsanik a ruwan yankin, likitocin zamanin kuwa suna ganin kaɗan daga cikinsa yana da amfani ga ciwon fata da na ƙirji. Daga nan ruwan ya yi daraja, har aka shiga abin da ake kira yaƙin rijiyoyi: kowane mai fili ya haƙa tasa rijiyar ya zurfafa, domin ya janye ruwan maƙwabcinsa. Rigimar ba ta lafa ba sai a ƙarshen shekarun 1870, lokacin da kamfani guda ya haɗa maɓuɓɓugan a hannunsa.

3.0 Yaƙin 1870 da Sakamakonsa Biyu

Kayen da Faransa ta sha a hannun Purushiya a yaƙin 1870 zuwa 1871 ya taɓa wannan ƙauye ta fuska biyu. Ta fuskar farko, attajiran Faransa waɗanda a da suke zuwa garuruwan wanka na Jamus, irin su Baden-Baden, suka juya baya gare su saboda kishin ƙasa, suka koma neman ruwan gida. Cikin waɗannan shekaru aka gina babban gidan wanka na La Bourboule, otel-otel suka biyo baya, a 1875 kuma aka cire ta daga Murat-le-Quaire ta zama gunduma mai magajin gari da majalisa. Jirgin ƙasa ya iso ta a 1899.

Ta fuska ta biyu, shugabannin Jamhuriya ta Uku sun yi imani cewa ilmin talakan Purushiya yana daga cikin dalilan nasararsu, kuma jamhuriya ba za ta zauna da gindinta ba muddin masu jefa ƙuri'a ba su iya karatu ba. Binciken da ministan ilmi Victor Duruy ya sa aka yi a 1863 ya nuna cewa daga cikin gundumomi 37,510, guda 8,381 ba sa magana da Faransanci. Saboda haka ruwan zafi da makaranta, ko da yake ba su yi kama ba, tushen bunƙasarsu ɗaya ne.

4.0 Sabuwar Makaranta

Zaman gunduma yana tafe da nauyi. Tun 1833 dokar Guizot ta wajabta wa kowace gunduma ta riƙe makarantar firamare, ita kaɗai ko tare da maƙwabtanta, kowane lardi kuma ya riƙe makarantar horar da malamai maza, amma iyaye ne suke biyan kuɗin karatu in ban da matalauta. Dokar 1878 ta kafa asusun taimako da rance domin gina makarantu, ta 1879 ta ƙara makarantar horar da malamai mata a kowane lardi. Daga nan sai dokokin Jules Ferry: ta 16 ga Yuni 1881 ta soke kuɗin makaranta, ta 28 ga Maris 1882 ta wajabta ilmi ga yara maza da mata daga shekara 6 zuwa 13, ta cire darasin addini daga manhaja, ta kuma ware yini guda a mako, ban da Lahadi, domin iyaye su koyar da shi a waje. Dokar 1883 ta ce a gina wa unguwa makarantarta idan nisanta da cibiyar gunduma ya kai kilomita 3 kuma tana da yara 20 da suka isa karatu. A 1889 gwamnati ta ɗauki biyan albashin malamai daga hannun gundumomi.

A ƙauyuka da yawa gini ɗaya ne ya haɗa ofishin magajin gari da azuzuwa, maza gefe, mata gefe, malamin kuma sau da yawa shi ne magatakardan majalisa. Ana koyar da karatu da rubutu da lissafi da ma'aunin mita da kilo, da tarihi da labarin ƙasa na Faransa, da tarbiyyar ɗan ƙasa. Duk wannan da Faransanci ake yi, har a wasu makarantu akan rataya wa yaron da aka ji yana yaren gida wata alama ta kunya, al'adar da daga baya ta bi Turawan mulkin mallaka zuwa makarantun Afirka ta Yamma, har da Nijar.

5.0 Inda Aka Yi Karo, da Inda Aka Dace

Matsalar ita ce lokaci. Baƙi masu neman magani suna zuwa ne daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba, kowannensu yakan yi kimanin mako uku, wannan kuwa shi ne daidai lokacin hawan shanu da yankan ciyawa. Babban hutun makaranta bai cika zuwa ba sai wajen Agusta da Satumba. Watau a watannin Yuni da Yuli gona da garke da otel da aji duk yaro ɗaya suke nema. Dokar 1882 ta tanadi horo mataki-mataki: yaron da ya yi fashin rabin yini sau huɗu a wata ba da uzuri ba, a kira ubansa gaban kwamitin makaranta, in ya sake, a liƙa sunansa a ƙofar ofishin gunduma, in ya ƙara, a kai shi gaban alƙali. Amma ita wannan dokar ce kuma ta ba kwamiti ikon ya ɗauke wa yaro zuwa makaranta har wata uku a shekara ban da hutu, idan iyaye sun nema da hujja, ta kuma yarda wanda ya ci jarrabawar kammala firamare ya fita tun yana ɗan shekara 11. Masu dokar sun san cewa talaka ba ya iya rabuwa da hannun ɗansa gaba ɗaya, don haka suka bar ƙofa a buɗe.

A nan ne ƙauyen wanka ya sha bamban da ƙauyen kiwo tsantsa. Sana'o'in da ruwan ya haifar, kamar aikin otel, da wanki da guga, da miƙa wa marasa lafiya ruwa gwargwadon abin da likita ya rubuta, da ɗaukarsu a kujera zuwa wanka, da jan jakunan yawon buɗe ido, dukkansu mu'amala ce da baƙi masu Faransanci. Wanda ya iya harshen, ya iya karanta takarda da lissafin kuɗi, shi ne yake samun aiki mai tsoka. Uban da yake ganin haka a ƙofar gidansa ba ya bukatar a tsorata shi da alƙali. Wannan ya yi daidai da ra'ayin masanin tarihi Eugen Weber a littafinsa na 1976 kan yadda ƙauyawa suka zama Faransawa, inda ya nuna makaranta ta karɓu ne sa'ad da hanyoyi da kasuwa da ayyukan albashi suka mayar da karatu abin amfani. Sai dai a lura, François Furet da Jacques Ozouf sun nuna a 1977 cewa iya karatu ya daɗe yana yaɗuwa kafin Ferry, Jean-François Chanet kuma ya nuna a 1996 cewa yawancin malamai 'yan lardinsu ne, kuma ba duka ne suka ƙyamaci harshen gida ba. Duk da haka, ribar ta zo da hasara, domin harshen Oksitan ya yi ta ja da baya har ya zamanto a yau masu yinsa kaɗan ne.

6.0 Kammalawa

La Bourboule ta yi suna daga baya a matsayin wurin jinyar yara masu ciwon asma da na fata, mazaunanta kuwa a yau ba su kai 2,000 ba. Tarihinta ya nuna abubuwa uku. Na farko, Faransa ta shafe shekara 56, daga 1833 zuwa 1889, tana jera tubali: malami tukuna, sa'an nan gini, sa'an nan tilas. Shirin ilmin firamare kyauta da Nijeriya ta ƙaddamar a Satumba 1976 ya nemi ya haɗa waɗannan matakai cikin 'yan shekaru, shi ya sa aka shiga horar da malamai cikin gaggawa. Na biyu, dokar da ba ta yi la'akari da lokacin noma da kiwo ba, fashi za ta haifar, kuma irin wannan fahimta ce ta sa aka kafa hukumar ilmin makiyaya a 1989. Na uku, da ruwan ciki ake jan na rijiya: makarantar ƙauye takan kafu ne idan akwai sana'a a kusa wadda take bukatar abin da ake koyarwa. Ya rage ga masu tsara manhaja a kwalejojinmu su tambayi kansu ko malamin da muke yayewa ya san sana'ar ƙauyen da za a tura shi, da kuma harshen da yaransa suke yi a gida.