ONERSOL: ma'aikatar da ta so Nijar ta ƙera kayan rana da hannunta

Duk wanda ya ratsa kasuwar Tasawa ko ta Mayahi a ƴan shekarun nan ya ga yadda pano, wato farantin tara hasken rana, ya zama haja kamar atamfa. An jingina su a bakin shago, manya da ƙanana, ga batir, ga fitilu, ga rumfar mai cajin salula. A ƙauyukan Kanan Bakashe da Urafan da Maijirgi, hasken da yaro yake bitar karatu da shi da dare sau da yawa daga rana aka tara shi. Sai dai idan ka juya bayan panon ka duba tambarinsa, za ka ga daga nesa ya zo, galibi daga Sin. Abin da ke sosa mini rai shi ne, mutumin da ya fi kowa dagewa a kan Nijar ta ƙera irin waɗannan kaya da kanta, a nan Tasawa aka yanke masa cibi.

Abdu Mumuni Joffo, wanda takardu ke rubutawa Abdou Moumouni Dioffo, an haife shi ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi karatu a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty ta Senegal, sannan Paris. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo a kimiyyar fizik, matakin da ba a taɓa ganin ɗan Afirka ta Yamma rainon Faransa ya taka ba a wannan fanni. Lokacin da Gine ta ce wa Faransa a'a a 1958, yana cikin malaman da suka tafi Konakiri don kada makarantunta su mutu. Daga baya ya shafe shekaru a Tarayyar Sobiyet yana nazarin makamashin rana, kuma a 1964 ya kafa ɗakin binciken rana a Bamako.

Ita kuwa ma'aikatar, an kafa ta a Yamai a 1965, zamanin Shugaba Diori Hamani, da sunan Office de l'Énergie Solaire, wato ONERSOL a taƙaice. A tuna, shekara biyar ke nan da samun ƴancin kai, kuma NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na ƙasa, shi kansa sai a 1968 ya zo. Ƙasar ba ta haƙo mai a lokacin, ba ta da teku, duk litar gazuwal sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita daga tashar ruwa kafin ta iso. Rana kuwa, kowane manomi ya san ba ta yankewa. Mahautan Tasawa da ita suke busar da kilishin da ya yi wa garin suna. Tunanin da aka gina ONERSOL a kai shi ne a ɗauki wannan tsohuwar dabara a sa mata lissafi da ƙarfe da gilashi.

A 1969 Abdu Mumuni ya dawo gida ya karɓi ragamar ma'aikatar, kuma ya riƙe ta har 1985. A hannunsa ne ta yi ƙarfi. Bai yarda bincike ya tsaya a takarda ba. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe sashen ƙira, inda ma'aikata ƴan ƙasa suke yanka ƙarfe suna walda suna fitar da kaya na sayarwa. Wanda ya fi karɓuwa shi ne tankin ɗumama ruwa: baƙin faranti a ƙarƙashin gilashi, bututu na bin jikinsa, ruwan da ya yi zafi ya hau sama da kansa ba tare da famfo ba. An kuma ƙera na'urar tace ruwa ta hanyar tururi, da murhun madubi mai tattara haske a gindin tukunya, har da injin da zafin rana ke juyawa, wanda aka yi aikinsa tare da wani kamfanin Jamus. A daidai wannan zamani Nijar ta shiga sahun farko a duniya wajen kunna talabijin na makarantun ƙauye da pano, tun daga 1968.

Murhun madubin bai shiga gidaje kamar yadda aka yi fata ba, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake tuƙa tuwo zai gane dalili. Tuwon dare da la'asar sakaliya ake ɗora shi, lokacin da rana ta yi sanyi. Mace kuma ba za ta bar inuwa ta tsaya a tsakar gida da azahar tana juya madubi yana kashe mata ido ba. Tankin ruwa bai nemi kowa ya canza al'adarsa ba, shi ya sa ya fi samun kasuwa, amma kasuwar ta masu famfo a gida ce da asibitoci da otal-otal, ba ta talakan ƙauyukan yankin Gulbin Kaba ba.

Farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, aljihun gwamnati ya yi rauni, fari ya sake dawowa a 1984. Gilashi da alminiyom daga waje ake sayo su da tsada. Sashen ƙira ya yi ta ja da baya. A ganina akwai wani gibi da ya fi rashin kuɗi illa. ONERSOL ita kaɗai ce: ita ce mai bincike, ita ce maƙera, ita ce mai talla, kuma gwamnati ce uwa da uba. A ƙasashen da sana'ar kayan lantarki ta kafu, masana'antu masu zaman kansu ne suke haɗa kai su kafa ƙungiya. Amurka tana da NEMA tun 1926, kuma ita ce ta daidaita abubuwa irin su siffar soket da filogi, ta yadda kayan wannan kamfani zai shiga na wancan. A Najeriya an kafa ƙungiyar masu masana'antu ta MAN a 1971, da rukuni na musamman na kayan lantarki, tana kai kuka ga hukuma a kan haraji da kwastan da tsadar wuta. Irin wannan ƙungiya ce ke tsayawa ta ce a rage kuɗin fito a kan kayan ƙira, a hana shigo da jabu. Tankin ONERSOL bai sami taron maƙera a bayansa da za su yi masa wannan faɗa ba.

Abdu Mumuni ya shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. ONERSOL kuwa ta koma CNES a 1998, cibiyar da ta fi karkata ga bincike da horo da gwajin kaya, daga baya kuma ta zama ANERSOL. Ƙasar ta ci gaba da komawa ga rana: tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, ta Goru Banda mai megawat 30 a 2023, duk da kayan waje.

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Layin da ya taso daga Katsina ya sauka a Gazawa, maƙwabciyar Tasawa, shi ne yake ciyar da Maradi da Damagaram, don haka mutanen wannan yanki sun ji abin a jikinsu. Masu hali suka ruga shagunan pano. Mai saye yana karanta lambar wat da aka manna a baya, ya biya, ya ɗora a amalanke, kuma sai bayan wata uku ko huɗu yake sanin ko lambar gaskiya ce, lokacin da batir ya fara mutuwa tun kafin sallar isha'i.