James Lawrence (1781–1813)

James Lawrence kyaftin ne a rundunar sojan ruwan Amurka a shekarunta na farko. Ya rasu sakamakon raunin da ya samu a gwabzawar jirginsa Chesapeake da jirgin Ingila Shannon a 1813. An ci shi da yaƙi a wannan gwabzawa, amma umarnin da ya bai wa mutanensa cewa kada su miƙa jirgin ya zama kirarin sojan ruwan ƙasar har yau.

Asali da tasowa

An haife shi ranar 1 ga Oktoba, 1781, a garin Burlington na jihar New Jersey. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, mahaifinsa kuwa, wanda ya goyi bayan Sarkin Ingila a yaƙin neman 'yanci, ya yi ƙaura zuwa Kanada. A hannun yayarsa ya tashi. An sa shi karatun lauya, amma a 1798 ya bari ya shiga sojan ruwa a matsayin hafsa mai koyon aiki, lokacin da Amurka ke takun saƙa da Faransa a teku. Ya zama laftana a 1802.

Tarabulus da jirgin Peacock

Sunansa ya fara fitowa a yaƙin Amurka da Yusuf Karamanli, mai mulkin Tarabulus, kan kuɗin da ake karɓa daga jiragen fatauci a Bahar Rum. A Oktoban 1803 jirgin Amurka Philadelphia ya maƙale a bakin Tarabulus, aka kama shi da mutanensa kusan 300. Daren 16 ga Fabrairu, 1804, Stephen Decatur ya lallaɓa cikin tashar da wani ƙaramin jirgi, suka banka wa Philadelphia wuta don kada a yaƙe su da shi. Lawrence ne mataimakinsa a wannan farmaki.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Ingila a 1812, yana riƙe da jirgin Hornet. Ranar 24 ga Fabrairu, 1813, kusa da bakin kogin Demerara a Kudancin Amurka, ya ragargaza jirgin Ingila Peacock cikin kusan minti 15. Ya kyautata wa fursunonin da ya tsamo daga ruwa, har hafsoshinsu suka rubuta masa takardar godiya. A watan Maris aka ƙara masa girma zuwa kyaftin.

Gwabzawa da Shannon

A ƙarshen Mayun 1813 ya karɓi Chesapeake a tashar Boston. Umarnin da aka ba shi shi ne ya sulale ya far wa jiragen da ke kai wa sojan Ingila kaya a Kanada. Amma a bakin tashar akwai Shannon yana tsare hanya. Girman jiragen biyu da yawan igwoginsu kusan ɗaya ne, Chesapeake ma ya ɗan fi yawan mutane. Bambancin yana ga horo. Kyaftin Philip Broke yana riƙe da Shannon tun 1806, kuma ya yi shekaru yana sa mutanensa atisayen harba igwa. Lawrence kuwa bai cika mako biyu a jirginsa ba, da yawa daga hafsoshinsa sababbi ne, mutanen ba su saba aiki tare ba.

Broke ya aika masa da takardar ƙalubale, amma kafin ta iso Lawrence ya riga ya fito, ranar 1 ga Yuni. Da yamma jiragen suka jera kafaɗa da kafaɗa. Harbin farko na Shannon ya kashe masu riƙe da akalar Chesapeake, ya kuma tsinke igiyoyinsa, jirgin ya kasa juyawa har ya je ya sarƙe da na abokan gaba. An harbi Lawrence a ƙafa, sannan harsashi na biyu ya same shi a mara. Ana ɗauke da shi zuwa ƙasan jirgi ne ya yi ta cewa a ci gaba da faɗa, kada a miƙa jirgin. Broke da kansa ya jagoranci mutanensa suka haura, shi ma aka sare shi a ka. Cikin kusan minti 15 komai ya ƙare, an kashe ko an raunata fiye da mutum 200 a ɓangarorin biyu.

Lawrence ya cika ranar 4 ga Yuni, yana da shekara 31, a hanyar kai jirgin Halifax. Turawan Ingila suka binne shi da cikakkiyar girmamawar soja. Daga baya aka mayar da gawarsa Amurka, kabarinsa yana harabar cocin Trinity a New York.

Abin da ya bari

An sa wa jirgin abokinsa Oliver Hazard Perry suna Lawrence, Perry kuma ya sa aka ɗinka kalmomin Lawrence da fararen haruffa a kan shuɗiyar tuta. Da ita ya shiga yaƙin Tafkin Erie ranar 10 ga Satumba, 1813, inda ya kama jiragen Ingila shida. Wannan nasara ce ta yaɗa kalmomin a bakin jama'a. Tutar tana ajiye a makarantar hafsoshin sojan ruwa da ke Annapolis. Garuruwa kamar Lawrenceville a Georgia da Lawrenceburg a Tennessee, da gundumomi da jiragen yaƙi da dama, sun ci sunansa.

Laifin faɗuwar Chesapeake kuwa a kan wani matashin laftana, William Cox, aka ɗora shi, saboda ya bar wurin faɗa ya taimaka wajen sauko da kyaftin ɗinsa. Kotun soja ta tuɓe shi a 1814, sai a 1952 aka mayar masa da muƙaminsa, shekaru da yawa bayan rasuwarsa. Shi kuma Chesapeake an sayar da shi a 1819, aka gina gidan niƙa da katakonsa a ƙauyen Wickham na Ingila.

Masana tarihi ba sa musun jaruntar Lawrence. Abin da da yawansu ke zarginsa da shi shi ne gaggawa: ya ajiye aikin da aka tura shi, ya tari ƙwararru da mutanen da bai gama horarwa ba.